Yaƙin Sekigahara: Wunin da Tokugawa Ieyasu Ya Ci Ƙasar Japan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan ganin mayaƙan samurai a fina-finai da takubbansu da sulkensu. A tarihin gaskiya, wane yaƙi ne nasu ya fi sauya ƙasar Japan? Kuma wanda ya ci, da jarunta ya ci ko da yawan mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In guda ɗaya za a zaɓa, to Sekigahara ne. An gwabza shi ranar 21 ga Oktoba, 1600, a wani kwari tsakanin duwatsu a lardin Mino, yankin da yau ake kira Gifu, a tsakiyar babban tsibirin Japan. Mutum wajen 160,000 suka hallara, aka fara da misalin ƙarfe 8 na safe, kafin la'asar an gama. Wanda ya ci, Tokugawa Ieyasu, zuriyarsa ta riƙe ƙasar fiye da shekara 260. Jarunta kam an nuna ta a ranar, kuma ɓangaren da aka ci ne ya fi nuna ta. Yawa kuwa kusan kunnen doki aka yi. Abin da ya raba gardama shi ne, tun kafin a ja daga Ieyasu ya riga ya shawo kan wasu manya a cikin rundunar abokin gabansa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma haka aka ci Sekigahara.

Sai mun ɗan koma baya kafin ka gane yadda aka yi. Fiye da shekara 100 Japan tana cikin yaƙin basasa. Sarkin sarakuna yana zaune a Kiyoto da alfarmarsa, amma ba shi da runduna. Iko yana hannun sarakunan yankuna da ake kira daimiyo, kowa da ganuwarsa da samurai ɗinsa. Oda Nobunaga ne ya fara haɗa kan ƙasar da ƙarfin tsiya, har wani sarkin yaƙinsa ya ci amanarsa ya halaka shi a 1582. Toyotomi Hideyoshi, ɗan talaka da ya fara daga ƙaramin bara, shi ya ƙarasa aikin a 1590. Daga nan ya aika runduna Koriya har sau biyu, a 1592 da 1597, yaƙin da ya ci rayuka da dukiya ba tare da ya tsinana komai ba. Ya rasu a 1598 ya bar ɗa guda, Hideyori, mai shekara 5.

Hideyoshi ya san abin da ke jiran marayansa, domin shi kansa haka ya yi wa magadan Nobunaga. Saboda haka ya naɗa manyan daimiyo biyar su riƙe amanar yaron har ya girma, da wasu biyar masu gudanar da harkokin mulki na yau da kullum, ya sa kowa ya yi rantsuwa. Mafi ƙarfi a biyar na farko shi ne Ieyasu. A Japan ta lokacin da koku ake auna girman daimiyo, wato ma'aunin shinkafa na kimanin lita 180, wanda ake ƙiyasta zai ci da mutum guda shekara. Ƙasar Ieyasu a gabas, mai hedikwata a Edo, Tokiyo ta yau, tana ba da koku wajen miliyan 2.5. Mafi zafi a biyar na biyu kuwa Ishida Mitsunari ne, kuma ƙasarsa koku wajen 194,000 ce kacal.

Tun ba a je ko'ina ba Ieyasu ya fara ƙulla auratayya da gidajen daimiyo, abin da wasiyyar Hideyoshi ta hana. Mitsunari ya ga inda aka dosa, kuma gaskiya ya gani. Matsalarsa ita ce mutumin alƙalami ne, gwanin lissafin haraji da guzurin yaƙi, mai faɗin magana kai tsaye ba tare da sakayawa ba. Barade irin su Kato Kiyomasa da Fukushima Masanori, waɗanda tun suna yara suka taso a gidan Hideyoshi, sun tsane shi. Waɗanda suka sha wuya a Koriya suna ganin rahotannin da shi da mutanensa ke kaiwa fada ne suka ja musu fushin ubangidansu. Da Maeda Toshiie, dattijon da kowa ke jin kunyarsa, ya rasu a 1599, sai bakwai daga cikin baraden suka yunƙura su kashe Mitsunari. Ieyasu ne ya shiga tsakani, aka sallami Mitsunari daga muƙaminsa ya koma gidansa na Sawayama. Ka lura da wannan sosai: rigimar daga cikin gidan Hideyoshi ta tashi, tsakanin yaransa, Ieyasu kuma ya tsaya a gefe yana hura wuta cikin natsuwa. Ko Koriya mutanensa ba su tsallaka ba, rundunarsa cif take.

A bazarar 1600 Ieyasu ya zargi Uesugi Kagekatsu, daimiyon Aizu a arewa, da shirin tawaye, ya tattara runduna ya nufe shi da sunan yaron Hideyori. Yana juya baya Mitsunari ya ɗaga tuta a yamma. Ana ruwaito cewa amininsa Otani Yoshitsugu ya faɗa masa gaba da gaba cewa mutane ba sa ƙaunarsa, in ya sa kansa a gaba ba mai bin sa. Don haka aka naɗa Mori Terumoto, mai koku miliyan 1.2, a matsayin jagoran Rundunar Yamma. Terumoto ya karɓa, ya shiga ganuwar Osaka inda yaron yake, ya zauna. Har aka gama yaƙin bai taka fagen fama ba. A ganina wannan zaman nasa ya fi kowace asara yi wa Yamma illa. Da an fito da Hideyori, ko da tutarsa ce kawai, zai yi wuya irin su Fukushima su iya ɗaga mashi a gabanta. Tunda ba a fito da shi ba, Ieyasu ya ci gaba da gaya musu cewa da Mitsunari kaɗai ake faɗa, kuma don kare maraya ake yi.

Mitsunari ya ƙara wa kansa baƙin jini da ya yi ƙoƙarin kame iyalan daimiyon da suka bi Ieyasu, waɗanda ke zaune a Osaka, don ya yi garkuwa da su. Matar Hosokawa Tadaoki, wata Kirista da aka sani da Gracia, ta ƙi yarda a kama ta. Addininta ya hana ta kashe kanta, sai wani baran gidan ya kashe ta, aka cinna wa gidan wuta. Labarin ya sa an janye shirin, amma ɓarna ta riga ta auku. A ganuwar Fushimi kuma, kusa da Kiyoto, wani tsohon baran Ieyasu mai suna Torii Mototada ya tsare mutum wajen 40,000 na Yamma fiye da kwana 10, shi da mayaƙansa kusan 2,000, yana sane ba mai zuwa ceton sa, har aka kashe shi.

To me Ieyasu yake yi a wannan tsakanin? Ya koma Edo ya zauna kusan wata guda yana rubuta wasiƙu. Fiye da 100 ya aika wa daimiyo daban-daban, wannan a yi masa alkawarin ƙarin ƙasa, wancan a tabbatar masa ba za a taɓa tasa ba. Bai motsa ba sai da yaran Hideyoshi da ke tare da shi suka ci ganuwar Gifu, ya tabbata sun jiƙa hannunsu, ba sauran komawa. A ƙarƙashin ƙasa kuma Kuroda Nagamasa yana kai gwauro yana kai mari tsakanin Ieyasu da mutum biyu da ke cikin Rundunar Yamma: Kikkawa Hiroie, ɗan'uwan Terumoto, da Kobayakawa Hideaki. Riƙe waɗannan sunaye biyu.

Kowane ɓangare ya isa filin da giɓi. Ɗan Ieyasu, Hidetada, ya biyo hanyar duwatsu da mutum wajen 38,000, ainihin ƙarfin gidan Tokugawa, amma ya tsaya ɓata lokaci a ganuwar Ueda inda Sanada Masayuki ya riƙe shi da 'yan dubbai kaɗan. Sai bayan an gama ya iso, uban ya ƙi ganin sa na ɗan lokaci saboda fushi. Yamma ma ta bar mutum wajen 15,000 suna yi wa Otsu ƙawanya, wasu kamar haka a Tanabe, inda wani tsoho masanin waƙe, Hosokawa Yusai, ya tsaya da mutum 500. Sarkin sarakuna da kansa ya aika a tsagaita, don tsoron kada sirrin tsofaffin waƙoƙin fada da tsohon ya gada ya bi shi kabari.

Daren yaƙin ana ruwa. Rundunar Yamma ta bar ganuwar Ogaki cikin duhu, ta taka kimanin kilomita 15 a cikin taɓo zuwa Sekigahara, inda manyan hanyoyi ke haɗuwa, don ta tare wa Ieyasu hanyar Kiyoto da Osaka. Suka isa jiƙe sharkaf. Da gari ya waye hazo ya rufe kwarin, mutum ba ya ganin wanda ke 'yan taku kaɗan gabansa. Kuma ka cire hoton fim daga ranka, na jarumi biyu suna zagaya juna da takobi. Mafi yawan waɗanda ke filin dakaru ne da ake kira ashigaru, cikin sahu, da dogayen masu, da 'yan baka, da 'yan bindiga. Mutanen Fotugal ne suka kawo bindiga Japan a 1543, maƙeran ƙasar kuma suka kwaikwaya suka cika ko'ina da ita. 'Yar'uwar bindigar toka ce ta maharbanmu, sai dai da igiya mai ci da wuta ake tayar da ita, abin da ya sa ruwan sama ke zame mata masifa. Takobi sai an cakuɗe ake zare shi, ko in za a sare kan wanda aka kashe don kai wa ubangida shaida.

Wanda duk ya duba taswirar yadda aka ja daga zai ce Yamma ta ci. Mitsunari yana kan tudun Sasao a arewa da mutum 6,000. Kusa da shi Shimazu Yoshihiro da 1,500, sai Konishi Yukinaga, sai Ukita Hideie da 17,000 a tsakiya, sai Otani. A kudu, kan dutsen Matsuo, Kobayakawa da wajen 15,000. Can baya kuma, kan dutsen Nangu, rundunar Mori da ta Chosokabe da wasu, fiye da 25,000, daidai ƙeyar Ieyasu. Wato shi da mutanensa wajen 75,000 sun shigo cikin kwari, maƙiyi a gaba, maƙiyi a gefe, maƙiyi a baya. Tsohon da ya shekara 57, wanda tun yana saurayi yake yaƙi, ba zai shiga irin wannan tarko da ganganci ba sai in ya san wani abu.

Da hazo ya fara yayewa, Ii Naomasa, baran Ieyasu mai rundunar jajayen sulke, ya kutsa gaban Fukushima ya buɗe wuta, don kada a ce yaran Hideyoshi ne suka fara yaƙin Tokugawa. Fukushima ya afka wa Ukita, aka yi ta turereniya, wannan ya tura wancan ya dawo. Kuroda da Hosokawa suka nufi Mitsunari, inda babban bardensa Shima Sakon ya tare su har harsashi ya same shi. Otani kuwa cuta ta riga ta cinye shi, idonsa ya kusa tafiya, a kan kujerar ɗauka yake ba da umarni, amma ya hana waɗanda ke gabansa sakat. Waɗanda suka yi yaƙin gaske a Yamma ba su wuce mutum 30,000 zuwa 35,000 ba, duk da haka sun riƙe kusan ninkinsu har rana ta ɗaga.

Mitsunari ya sa aka tayar da hayaƙin alama, wanda aka yi da shi cewa in an gani, na kan Matsuo da na kan Nangu su gangaro. Ba wanda ya motsa. A Nangu, Kikkawa ne ke gaba da mutum 3,000, ya tsaya cak a bakin hanya, duk wanda ke bayansa ba damar wucewa. Ya riga ya yi yarjejeniya a ɓoye cewa Mori ba za su yi faɗa ba, muddin za a bar musu ƙasarsu. Da aka matsa wa Mori Hidemoto, wanda ke riƙe da rundunar, ya gangara, sai ya rasa abin faɗa, aka ce ya aika cewa mutanensa suna cin abinci. Har yau Japanawa na tuna wannan uzuri. Shimazu ma bai motsa ba, kodayake shi ba sayar da kansa ya yi ba. Ana ruwaito cewa manzon Mitsunari ya yi musu magana daga kan doki bai sauka ba, suka ɗauki abin a matsayin raini suka kore shi.

Saura Kobayakawa. Matashi ne ɗanye, ɗan ɗan'uwan uwargidan Hideyoshi. Hideyoshi ya taɓa ɗaukar sa ɗa, amma da aka haifi Hideyori sai aka miƙa shi ga wani gida. Bayan Koriya an rage masa ƙasa, Ieyasu ne ya mayar masa. Kowane ɓangare ya yi masa alkawari mai tsoka. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne ya tsaya yana waswasi har tsakar rana, sai da Ieyasu ya gaji ya sa aka yi harbi wajen dutsen, sannan ya firgita ya gangaro. Wannan labarin a rubuce-rubucen da suka zo daga baya ake samun sa, kuma akwai masana tarihi na Japan a yau da ke cewa wasiƙun lokacin sun nuna tun farkon gwabzawa ya juya. Ko da safe ne ko da rana, inda ya dosa ba a saɓa ba: Otani ya afka wa.

Otani ya daɗe yana zargin sa, ya ma ajiye mutane don wannan, kuma da ɗan abin da ke hannunsa ya mayar da harin baya. Abin da bai shirya masa ba shi ne ƙananan daimiyo huɗu da aka girke a gindin dutsen don su tare Kobayakawa, su Wakisaka, su ma suka juya masa. Nan aka murƙushe shi. Ya tsaga cikinsa irin yadda samurai ke yi in an ci su, bayan ya umarci baransa ya sare masa kai ya ɓoye kan, kada maƙiyi ya same shi. Wannan mutum ya san tun farko da wuya a ci, ya faɗa wa abokinsa haka, amma ya bi shi don amana. Duk cikin mutanen ranar ba wanda nake girmamawa kamarsa.

Da Otani ya faɗi gefe ya buɗe, Konishi ya watse, Ukita ya bi baya, Mitsunari ya tsere cikin duwatsun Ibuki. Aka bar Shimazu a tsakiyar fili, maƙiya ta ko'ina. Maimakon ya juya baya, sai ya keta ta gaba, ya ratsa Rundunar Gabas ta Ieyasu, ya wuce dab da inda Ieyasu yake, ya kama hanyar kudu. Da aka bi su, sai su riƙa barin 'yan bindiga kaɗan kaɗan a zaune a kan hanya, su harbi manyan masu bin su, sannan su yi faɗa har a kashe su, don ubangidansu ya yi nisa. Ɗan ɗan'uwansa Toyohisa a nan ya mutu. Ii Naomasa a nan ya sami harbin da bai warke ba har ya rasu a 1602. Mutum wajen 80 ne suka isa gida Satsuma.

Bayan 'yan kwanaki aka kama Mitsunari. Ranar 6 ga Nuwamba aka zagaya da shi, aka sare kansa a bakin kogi a Kiyoto, tare da Konishi da wani malamin addinin Buda mai suna Ankokuji Ekei, wanda shi ya jawo Mori cikin tafiyar. Konishi Kirista ne, shi ya sa bai kashe kansa ba.

Aikin da Ieyasu ya yi bayan yaƙin shi ya sa Sekigahara ta zama abin da ta zama. Ya ƙwace ƙasar gidaje kusan 90 baki ɗaya, ya rage ta wasu, jimilla fiye da koku miliyan 6, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasar ke nomawa, ya rarraba yadda ya ga dama. Uesugi ya sauko daga miliyan 1.2 zuwa 300,000. Mori fa, waɗanda aka yi wa alkawari? Da Terumoto ya fice daga Osaka ba tare da faɗa ba, sai Ieyasu ya ce an gano takardun da ke nuna da hannunsa dumu-dumu, alkawari ya tashi. Da ƙyar Kikkawa ya roƙa aka bar musu larduna biyu, ƙasa da sulusin abin da suke da shi. Kobayakawa ya sami babbar ƙasa a Okayama, amma a 1602 ya mutu ba magaji, gidan ya rufe. Ukita Hideie aka kai shi wani tsibiri mai nisa, Hachijo, ya rayu a can har 1655. Maraya Hideyori, wanda kowa ya ce don shi yake yaƙi, ƙasar gidansu ta sauko daga koku wajen miliyan 2.2 zuwa kimanin 650,000.

A 1603 sarkin sarakuna ya naɗa Ieyasu shogun, wato mai riƙe da mulkin soja na ƙasa duka. Bayan shekara 2 ya miƙa wa Hidetada, don kowa ya san sarautar ta zama ta gado. Ya aurar wa Hideyori jikarsa, amma hakan bai hana shi yi wa Osaka ƙawanya a 1614 da 1615 ba, inda Hideyori, yana ɗan shekara 21, ya kashe kansa tare da mahaifiyarsa. Abin da ke taɓa mini zuciya a nan shi ne makomar baraden da ƙiyayyar Mitsunari ta rufe wa ido. Fukushima, wanda ya fi kowa zubar da gumi a Sekigahara, yana ji yana gani aka shafe gidan ubangidansa, sannan a 1619 aka ƙwace masa Hiroshima bisa laifin gyara ganuwa ba da izini ba. Gidan Kato ma an raba su da ƙasarsu a 1632.

Tokugawa sun kasa daimiyo bisa tarihinsu da gidan: tsofaffin barori a ba su muƙaman gwamnati da ƙasashen da ke tsare manyan hanyoyi, waɗanda suka yi caffa daga baya kuma a bar su can nesa, ba su da ta cewa a fada. Daga 1635 aka wajabta wa daimiyo su riƙa zaman shekara guda a Edo, shekara guda a gida, iyalansu kuma dindindin a Edo. Da wannan aka sami zaman lafiya mai tsawo, birane suka bunƙasa, samurai da yawa suka koma ma'aikatan ofis masu rataye da takobi.

Waɗanda aka ci kuwa ba su manta ba. Mori sun koma Choshu a ƙurewar yamma da ƙullin abin da aka yi musu. Shimazu sun tsira da Satsuma ɗungurungum, domin nisa da taurin kansu sun sa Ieyasu ya ƙyale su. A Tosa an kori Chosokabe aka ɗora baƙon gida, tsofaffin mayaƙan ƙasar suka koma ƙananan samurai da ake wulaƙantawa. Daga wannan ƙaramin rukuni na Tosa Sakamoto Ryoma ya fito, wanda ya taimaka aka sasanta Satsuma da Choshu a 1866. Rundunonin yankunan nan biyu ne suka ja gaba wajen kifar da mulkin Tokugawa a 1868, aka mayar da iko da sunan sarkin sarakuna Meiji.